Shagon Haberman, Ranar Talata

Talata ce, ƙanƙara ta binne Dakota ta Arewa.
Na tura ƙofar shagon Gus Haberman da ƙafa,
don kafaɗar dama ta yi mini tawaye tun bara,
ranar da motar sintiri ta zame da ni cikin kwata.
Ƙusa uku likita ya dasa a ƙashin, har yau suna nan,
su ke fara gaya mini in sanyi zai sauka.

Tsohuwar bindigata mai famfo, irin ta babana,
sai an ja an tura kafin ta sake magana.
A filin gwaji na ja, hannu ya tsaya rabin hanya,
kwanso ya maƙale, samarin ofis suka kau da kai.
Shekara goma sha tara ina 'yar sandan gunduma,
ban san na fara tsufa ba sai a wannan rana.

Gus ya shimfiɗa guda uku a kan tsumman kanta.
"Duk ukun su ke ɗora wa kansu harsashi, Noreen,
naki kawai taɓa kunama.
Wannan da hucin albarushinta take aiki,
ga nauyi, ga son wanka kamar jariri,
amma shurinta da sauƙi.
Waccan da ƙarfin shurin kanta take juyawa,
sakayau take, ba ta tara dauɗa,
sai dai kafaɗarki ce za ta biya bashin."
Ta ukun ban ko taɓa ta ba,
albashin wata biyu ne rataye a wuyanta.

Na ɗaga mai nauyin, na kai ta kunci.
Gindinta ya yi tsawo, don dogon namiji aka yanka,
ba don mace mai rigar sulke da guntun hannu ba.
Gus ya auna da ɗan yatsa, ya ce zai rage.

"Ta aiki ce ko ta gida?"
Na ce duka biyu.
Gidana can ƙarshen hanyar tsakuwa yake,
minti arba'in tsakaninsa da agaji,
kuma in an kira agajin, ni ake turawa.
To ni wa zan kira?

Bai yi dariya ba. "Wa ke kwana a gidan?"
Na ce Wren, shekararta tara.
Ban yi niyyar ƙarawa ba, baki ya suɓuce:
tana tafiya cikin barci.
Makon jiya na tarar da ita a kicin, ƙarfe uku,
ido a rufe, tana laluben firji.

Tsohon ya yi shiru har na ji agogon bango.
Ya sunkuya, ya fito da 'yar tocila,
irin wadda ake ɗaura wa bindiga a ƙasan baki.
"Wannan kafin harsashi.
Kada bakinta ya je inda idonki bai riga ya je ba.
Bangon gidajenmu katako ne da takarda,
dalma ba ta sallama,
ba ta tambayar wa ke bayan bango."
Sannan ya nuna akwatin ƙarfe mai kwaɗo a lungu,
ya ce ba zai sayar mini ɗaya babu ɗayan ba.

Na cike takardu, na sa hannu da ƙyar.
A gida Wren ta ce, mene ne a dogon kwali?
Na ce kayan aiki. Ta koma kan zanenta na doki.

Daren nan, wajen uku saura,
katakon baranda ya yi ƙara sau biyu.
Akwatin na nan kusa da gado, a kulle.
Na dube shi, zuciya na dukan haƙarƙari.
Na ɗauki tsohuwar tocilar aljihu, na fita ƙafa ba takalmi.

Safa ɗaya ja, ɗaya babu.
Na kama kafaɗunta a hankali,
na juya ta zuwa ɗakinta.