Ranar da Tanimu Ya Faɗi

Laraba ce a kasuwar Mai Wurno, rana ta take tsaka,
ina ɗauraye kofunan shayi a inuwar darbejiya,
sai wata ƙara ta tsaga hayaniya.
Tanimu mai kifi ya zube gaban teburinsa,
karfasa na mutsu-mutsu a ƙasa, shi ma haka.

Kasuwa ta dāre biyu.
"Farfaɗiya ce! Kar yawunsa ya taɓa ku!"
Wani ya zo da cokali, wani da buta,
wata na cigiyar albasa.
Ni murhuna na fara janyewa,
don garwashi bai san mara lafiya ba.

'Yata Zulai, mai aikin jinya a Sinnar,
ta sha faɗa mini muna tsince wake:
"Inna, kar ki danne shi, ba a riƙe kogi da hannu.
Kar ki cusa komai a bakinsa,
ba wanda ya taɓa haɗiye harshensa."
Na naɗe mayafina na tura ƙarƙashin kansa,
na ɓalle maɓallin jallabiya,
na ce da yaron raksha: zuba wa agogo ido,
in ta haura minti biyar, sai asibiti.

Minti biyu ta yi.
Sun fi mini azumin bazara tsawo.

Da jiki ya saki na mirgina shi gefe,
gwiwa a lanƙwashe, haɓa a ɗage,
yawu ya gangaro ta kan yatsuna.
Na kara kunne. Numfashi na shiga, yana fita,
kamar kwale-kwale ɗaure a bakin gaɓa.
Mai buta ya matso, na ce dakata, malam,
ruwa a bakin wanda bai farka ba
huhu yake nufa, ba ciki ba.

Ya buɗe ido bai gane kowa ba.
Na ce, Tanimu, ni ce Hajjo,
kana kasuwa, kifinka na nan, ba a taɓa ba.
Ya dubi wandonsa da ya jiƙe,
na lulluɓa masa buhu ina duban wani wuri.

Da la'asar na wanke hannu na hura wuta.
Mutum uku sun ƙi shayina ran nan.
Damina biyu ke nan, ban faɗi ba,
su kuma sun dawo kan bencina,
ɗaya har da bashi.