Mai Haƙa Rijiya da Taswira

Habsu ta dawo daga lekol da ƙasar nan naɗe a jaka,
ta shimfiɗa min ita kan tabarma,
ta danne kusurwoyin da buta, da kwano, da takalmi, da gwiwarta.
"Baba, ga Nijar."

Na duba. Sama duk rawaya, kamar bayan raƙumi.
Ƙasa wani siririn kore, bai wuce bakin zane ba.
Can yamma shuɗin zare guda, wai kogin Isa,
ya shigo, ya gaida Yamai, ya wuce bai kwana ba.
Gabas Tafkin Cadi, an zana shi ɗigo-ɗigo,
mai zanen ma bai san inda zai same shi baɗi ba.

Na ce, "Mu fa?"
Ta ɗora farce. Damagaram.
Birni, Zango, har duwatsun nan masu kama da giwaye a durƙushe,
farcen yarinya ya rufe su kaf.

Shekara talatin da huɗu ina shiga ƙasar nan da igiya a ƙugu.
Ita ta san ta a kwance,
ni a tsaye na san ta.

A Magarya, gaba uku, laka ta yi sanyi a tafin ƙafa,
ruwa ya taso kamar dama kira yake jira.
A Gidimuni ko kare ya tona zai sha,
rake da dabino tsaye, sawunsu a jiƙe.
Damargu kuwa, wajen Tanut,
gaba arba'in, hamsin,
sama ta ƙanƙance ta koma kamar dala,
muryar Ɗan Jimma mai jan guga na iso ni kamar daga wani gari.
Jar ƙasa, farar ƙasa, tsakuwa,
yumɓu mai riƙe diga kamar ɗan bashi.
Can na taɓa tono ƙwanson katantanwa manne da dutse,
inda kwaɗo bai taɓa kuka ba.
Na sa a aljihu.
Ashe nan ma ruwa ya taɓa zama.

Gida fa? Garinmu kan dutse yake zaune.
Gaba biyar diga ta yi tartsatsi,
ta maido maka gaisuwa har kafaɗa.
Ruwan damina ya sauko ya rasa ƙofa,
ya taru a tafki, sauro su yi biki,
rana ta lashe saura.
Shi ya sa ubanki, mai rijiya ɗari a garuruwan mutane,
ke sayen jarka wurin ɗan garuwa.

Ta ce mushe ya ce rawayan nan saukowa yake.
Na ce ƙwarai. Bayan Gure tudu ya haɗiye min rijiya,
bakin siminti kaɗai ya bari, kamar zobe.
Amma mushe ya je Matamaye ya ga gawo,
wanda manoma suka ƙyale ya tsiro tsakiyar gero,
mai tuɓe riga da damina,
ya sa kore lokacin da kowa ya bushe.
Shi ba a zana shi ba.

Ta fara naɗe ƙasar.
Na laluba aljihun tsohuwar riga,
na sa mata ƙwanson a tafin hannu.
"Kai wa mushe.
Ki ce masa takardar tana da baya."

A ƙofar gida kura ta yi ƙara.
Na tashi neman canji.