Ƙugun Filomena

Ƙarfe biyu na dare a Valparaíso.
Jiragen ruwa na gunaguni can ƙasa a tasha,
ni ina bene na uku, shayina ya huce,
ina kallon wata mata tana nutsewa cikin daɓe
har idon sawu.

Ba mace ba ce tukuna. Sura ce:
ƙasusuwa sittin da biyu da na harhaɗa da hannuna,
fata, gashi, siket mai jan fure.
Don Eliodoro ya kawo aikin cikin leda,
tsohon kaset na wani biki,
matarsa tana rawar kuweka a filin unguwa.
Ya ce jikoki sun gina masa gida a duniyar allo,
da baranda, da tukwanen fure, har da kyanwa,
amma filin rawar babu kowa.

Daren farko hankici ya ƙi hannunta.
Tana kaɗa iska, shi yana can sama
yana kaɗa kansa, tsuntsun da ya manta reshe.
Na ɗaure shi a wuyan hannu, ya huda mata kunci.
Na kwance. Na sake.

Dare na biyu gwiwar dama ta lanƙwashe baya
irin ta zalɓe.
Alama ɗaya ce a lissafin, ragi inda ake son ƙari.
Na juya ta, gwiwa ta dawo ta mutum.
Sai kiɗa ya tsere mata:
kaset na ƙirga talatin a daƙiƙa,
duniyar allo sittin take so,
tana ta bin ganga kamar mai bin bashi.
Wannan ma na daidaita, da asuba.

Saura abu guda.
A firam na ɗari biyu da sha huɗu
ƙafar hagu takan makara, ƙugu ya karkata,
duk zagaye, wuri ɗaya.
Na ce kaset ne ya ci.
Na kama layin motsin na miƙar da shi,
na goge shi sumul.
Ta juya kamar ruwa a kwano. Na yi barci da alfahari.

Ran Alhamis ya hawo matakala tamanin,
ya zauna yana haki, na ɗaura masa gilashin a fuska.
Ya daɗe shiru.
Hannunsa ya tashi kaɗan, ya koma kan cinya.
Ya ce, “Ta iya rawa, Ximena.
’Yar wa ce?”

Garin neman gira.

Ya cire gilashin, ya ba ni labari yana kallon taga:
tana da shekara ashirin ta zame a matakalar tudu
da kwandon kifi a ka.
Ƙugun bai taɓa komawa daidai ba.
“Wurin nan takan jira rabin taku.
Ni kuma nan nake shiga.
Shekara arba’in da ɗaya.
Yanzu kin rufe ƙofar, ta ina zan bi?”

Na buɗe kwandon shara na kwamfuta.
Yana nan, fayil ɗin da na raɗa wa suna
kuskure na uku.
Na mayar mata da makararta,
na mayar da karkatar, ban rage ko ɗigo ba.

Ya miƙe. Na janye kujera, na riƙe wayar kada ta harɗe shi.
Ya zaro hankici daga aljihu, na gaske, mai ƙamshin sabulu.
Ɗari biyu da sha biyu. Sha uku.
Ƙafar hagu ta makara,
tsoho ya taka.

Har yau idan ta juya
diddigenta na shiga daɓe da faɗin yatsa biyu.
Na rasa dalili.
Shi bai lura ba. Ba ƙasa yake kallo ba.