Tafkin Malmo

Mun bar Dass hantsi bai dubi ludayi ba,
ni da Shekarau, ɗan ƙanwata,
a kan babur ɗin da ya girme shi.
A gindin dutsen Mbula hanya ta ƙare.
Muka jingine babur jikin ƙirya,
muka bi sawun shanu.

Shekara talatin da ɗaya ina taka keken ɗinki a Wunti,
bayana ya koma lauje.
Likita ya ce in riƙa motsa jiki.
Na ce masa na san wani wuri.
Ban gaya masa rabona da wurin
tun ban fara aske gemu ba.

Kurmin ya yi sanƙo ta gabas.
Masu gawayi sun ci rabonsu,
sun bar kututture baƙi-baƙi
kamar ragowar haƙora a bakin tsoho.
Na yi shiru. Yaro na tambaya ko mun ɓata.
Sai iska ta juyo da ƙamshin laka,
da ruɓaɓɓen ganye, da sanyi,
ƙafata ta gane kafin ni.

Ga shi nan.
Ya ƙanƙance, ko ni ne na daɗe ina faɗaɗa shi a zuci.
Malmo uku na nan, sun sunkuya suna duba fuskarsu,
bado ya rufe gefen yamma,
zalɓe ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya harare mu,
ya ga ba mu kai abin tashi ba.

A nan Talle ya ɗaura mini gora biyu a ƙirji
da igiyar rama,
ya ce, kada ka yi kokawa da shi,
ruwa ba ya son mai gardama.
Talle, bara waccan aka binne shi a Gombe.
Ban je ba. Ɗinkin salla ya yi mini yawa.

Na tuɓe riga, na rataye a reshe.
Shekarau ya kau da kai,
kunyar tumbina ta kama shi.
Shi ruwa a jarka ya san shi,
a kurar mai ruwa, a bokitin bayi.
Kawu, babu kada?
Kawu, idan ka nutse wa zai tuƙa babur?

Sanyin ya fara cizon idon sawu,
ya hau gwiwa, ya tsaya a cibiya yana shawara.
Na yi bisimilla na saki jiki.

Ni da nake auna mutane,
wuya, kafaɗa, hannu, tsawo,
yau na shiga rigar da ba a yanka wa kowa ba
ta kuma zauna mini cif.
Babu inda ta matse.
Na kwanta rigingine, kunnuwa a ciki,
ƙarar keke da ta shekara a kaina ta mutu.
Sama kaɗai, tsakanin ganye,
da wani shaho can da bai san ina yi ba.

Ƙananan kifaye suka zo tsintar kaushin dugadugaina.
Na yi dariya, na sha ruwa, na yi tari.

Da na ɗago, yaron ya ajiye waya a kan takalmi,
ya naɗe wando, yana taɓa ruwan da babban yatsa
kamar mai taɓa kare.
Ban kira shi ba.
Shi ya zo, har ƙugu, haƙora na kaɗawa.

Ba mu da gora.
Na shimfiɗa tafin hannu ƙarƙashin cikinsa,
na ji zuciyarsa na dukan yatsuna.
Na ce, kada ka yi kokawa da shi.
Muryar da ta fito ba tawa ba ce duka.

Ya yi ta dukan ruwa, zalɓe ya gaji ya tashi.
Kawu, kada ka sake ni!
Na ce ina riƙe.

Hannuna biyu na bayana tun ɗazu.