Allon Furofesa Nomau

Ranar Talata aka kwashe kujerun ajinmu,
aka jibge su bayan ɗakin awon jini,
ƙafafu sama, ɗaya bisa ɗaya.
A gurbinsu gadaje goma sha huɗu.
Allo kaɗai aka bari, don a bango yake,
da zanen huhu guda wanda Furofesa Nomau bai ƙarasa ba
ran da aka kira shi taron gaggawa
ya fita da alli a hannu.

Mu 'yan shekara ta shida,
jiya masu haddar sunayen jijiyoyi,
yau aka ce: ga safar hannu, ga takunkumi,
wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya koma gida.
Biyu suka tafi. Ban ga laifinsu ba.
Ni ma sai da na dubi ƙofa.

Manjo Habsu ta raba allon gida-gida:
lambar gado, zafin jiki, awon numfashi.
Ta kewaye huhun nan, ba ta goge shi ba.
Ta ce, malami zai so abinsa.

Takunkumi ya ƙare a mako na biyu.
Telolin Babbar Kasuwa suka ɗinko mana da ƙyallayen atamfa,
sai ga mu muna sanar da mutuwa
da furanni ja da ɗorawa a baki.
Awo kuwa sai ya je Yamai ya dawo,
wani sa'in takarda ta iske mai ita a makwanci.

A Bagalam ana cewa ciwon masu hawa jirgi ne.
Gado na tara dai mai tallan ƙuli-ƙuli ce,
iyakar tafiyarta Tibiri.

In kuran ya ɗauke da tsakar dare
ba sunan likita muke kira ba.
Tsahiru! Tsahiru mai inji,
wanda ke kwana kan buhu kusa da jarkar mai,
shi ke riƙe da numfashin mutum shida
da igiya guda da bisimilla.

Inna takan aje mini fura wajen mai gadi,
ta tsaya can gindin dogon yaro
ta ɗaga hannu. In ɗaga nawa.
Wata biyu gaisuwarmu ke nan.

Sai ran wata Asabar aka shigo da shi.
Gado na uku, daidai ƙarƙashin allonsa.
Mutumin da muryarsa ke kai wa har bakin titi
yana sayen kalma ɗai-ɗai da tsada.
Tukunyar iska ɗaya ta rage a ɗakin,
ga shi, ga yaron nan ɗan kabu-kabu a gado na huɗu.
Na tsaya tsakani, hannuna na rawa.

Ya yafuto ni da yatsa.
Baraka, ya ce, karanta mini alkaluman.
Na karanta nasa. Na karanta na yaro.
To, wa littafi ya ce?
Na yi shiru.
Ya ce, ba na jin amsa daga bayan aji.
Na faɗa.
Ya lumshe ido: kin ci.

Yaron yana nan. Jiya ma ya sauke ni a Ali Ɗan Sofo,
ya karɓi dala arba'in ɗinsa cif,
bai gane ni ba, bai taɓa ganin fuskata ba.

An maido kujeru bayan damina.
Sabon malami ya shigo da tsumma a hannu,
ya goge gadaje, ya goge alkaluma,
ya kai kan huhun nan rabi
sai ajin duka ya yi tsit.
Ya juyo ya dube mu.
Ya aje tsumman, ya fara rubutu daga gefe.