Doguwa da Gajeriya

Ni aikina lagireto ne, a bayan tashar Zuru,
dalma da wuta da tsumman bakin mai.
Ranar Laraba Saje Manga ya zo da buhun taki a kafaɗa,
ya zazzage mini ƙaho biyu a kan benci
a hankali, kamar mai sauke ƙwai.

Tagulla ce duka biyun, maƙera ɗaya ta haife su,
ga hatimin maƙerin a wuyan kowacce,
gumin hannu ya cinye rabin sunan.
Wannan turamfet, in ji shi, wannan kuwa kwanet.
Na ce, Saje, harshena ba zai ɗauka ba,
ni Doguwa da Gajeriya zan ce.

Doguwa ta miƙe kamar karan dawa,
bututunta bai san ƙiba ba
sai can dab da baki ya buɗe.
Ita ce ta faretin safe, in ji Saje,
shekara ashirin da shida a badujalar soja,
in ta yi magana a wannan gefen bariki
kuratan da ke wancan gefen sai ya gyara hularsa.
Ba ta roƙo. Ba ta san sannu ba.

Gajeriya kuwa a naɗe take, kamar mage a bakin murhu,
tun daga leɓe take faɗaɗa kaɗan-kaɗan
yadda rafi ke yi in ya bar dutse.
Da ita ya raka abokai bakwai makwanci.
Bai faɗi sunayensu ba. Ya dai danna maɓallan nan uku,
na tsakiya ya maƙale.

Matsalar ke nan: ɗaya na yoyon iska,
ɗaya maɓalli ya cije,
kuɗin fansho kuma bai zo ba tun kafin shuka.
Ɗaya za a sayar, ɗaya ta Rifkatu ce,
jikarsa mai busa a makaranta da ƙahon aro.
Kai da ka san ƙarfe, in ji shi, wacce ta fi?

Ban san busa ba. Na ɗauko igiyar buhu
na bi hanjin Doguwa, na ƙulla,
na bi na Gajeriya lungu-lungu, kwana-kwana,
sai ga igiya ta tsaya a kan ƙulli.
Tsawonsu ɗaya!
Saje ya yi dariya har tari ya kama shi.
Ya ce ya sani tun ina goye.

Na tsoma Doguwa a bahon ruwa, na toshe, na hura,
kumfa ta tona asirin hujin,
ɗigon dalma biyu ya rufe mata baki.
Gajeriya kananzir kawai take so, da haƙuri.

La'asar ta yi da ya gwada su.
Ya ɗaga Doguwa, haƙoran gaba babu,
ta yi ƙara ɗaya mai kaifi, akuyar mai shayi ta tsinke igiya,
numfashi ya ƙare masa a tsakiyar hanya.
Ya zauna. Ya ɗauki Gajeriya ya rungume ta kusa da ƙirji,
abin da ya fito bai fi muryar mai lallashi ba.
Yarona Ɗanjuma ya tsaya da sifana a hannu,
direban Yawuri ya kashe injinsa.

Ban karɓi ko sisi ba.
Ya mayar da su buhu, ya ɗaure bakin,
ya ce gobe zai kai wa Rifkatu ta zaɓa,
ya san dai Doguwa za ta ɗauka, yarinya ce mai huhu.

To Gajeriya fa, Saje, nawa za ka sa mata?
Ya dubi sama, wajen Dabai hadari na haɗuwa.
Ya ce bari dai ya ga yadda dawar bana za ta yi.