Matakala Ɗari da Sittin

Shekara goma sha tara ina tuƙa akwatin ƙarfe
mai hawa da mutane tudun Valparaiso.
Nawa danna maɓalli, nasu hawa da sauka,
matakalar da ke gefena ko kallo ba ta ishe ni ba.

Ran wata Talata inji ya shaƙe.
Aka ce, "Baldomero, yau kam sai ƙafa."
A ta arba'in na dafa bango,
zuciya na daka a ƙirji kamar turmi.
Wata tsohuwa da kwandon kifi a hannu
ta yi mini sannu, ta wuce, ko huci ba ta yi.

Likita Zuniga ba ta yi mini faɗa ba.
Takarda ta miƙo: "Rubuta abin da ka ci jiya."
Na rubuta burodi huɗu, sun sha man shanu,
fanken kabewa shida a bakin tasha,
lemon kwalba babba, sai kuma ƙanwarta,
shayi biyar, kowanne sukari cokali uku.
Takarda ta cika ban kai ga cin dare ba.

Ta ce, "Kar ka yi wa cikinka horon yunwa.
Yunwa bashi ce, tsakar dare take zuwa karɓa.
Cire abu guda, ka saba, sannan ka taɓa na biyu."

Da kwalba na fara.
Mako biyu ruwa na yi mini salam a baki,
ina wuce kanti kamar mai ɓuya wa tsohuwar budurwa.

'Yata Millaray ta ɓoye babban farantina,
ta ba ni na marigayiyar uwarta, mai zanen fure.
Rabinsa tumatir da latas da kabeji,
gefe wake da kabewa,
gefe kifin da aka gasa, bai yi wanka a mai ba.
Na ci ina ƙunƙuni.
Na tashi, abin haushi, na ƙoshi.

Griselda mai fanke ta tare ni a tasha:
"Laifin me na yi maka, abokin shekaru?"
Muka yi sulhu: guda ɗaya, ran Asabar,
in zauna in ci shi a hankali, ina kallon jiragen ruwa.

Ba zan yi ƙarya ba, a bikin Satumba na zame.
Kwana uku ina bin hayaƙin gasasshen nama,
sikeli ya mayar mini da kilo biyu, babu kunya.
Na so in ce a bar zancen.
Millaray ta jiƙa wake, ba ta ce uffan ba.

Sannu-sannu kwana nesa.
Wata tara, kilo goma sha ɗaya,
na huda bel da ƙusa har sau biyu,
na ɗaure takalmi ba tare da riƙe numfashi ba.

An daɗe da gyara injin.
Amma da asuba, kafin in buɗe ƙofar akwati,
nakan sauka ƙasa in hau da ƙafata,
tufa guda a aljihu, gorar ruwa a hannu.

Tsohuwar nan har yau tana wuce ni.
Sai dai yanzu a ta ɗari da talatin take kamo ni,
kuma ina da sauran numfashin amsa gaisuwarta.